Me ya sa wasu direbobi ke ajiye motocinsu can nesa da na jama'a?

Duk wanda ya taɓa shiga filin ajiye motoci na wani babban kanti a ƙasar Amurka, da wuya a ce bai lura da wani abu guda ba.

Yayin da motoci ke cunkushe a kusa da ƙofar shiga kantin, direbobi suna ta zagaye suna jiran wani ya fita, can a ƙarshen filin akan hangi wata mota ita kaɗai, babu kowa a damarta, babu kowa a hagunta.

Galibi ba wuri mai motar ya rasa ba. Da gangan ya zaɓi ya yi tafiyar minti biyu ko uku a ƙasa, domin gudun kada wani ya buɗe ƙofar motarsa ta bugi gefen tasa.

Wasu na yi wa wannan ɗabi'a kallon ƙyale-ƙyale ko girman kai. To amma alƙaluma sun nuna cewa masu yin ta suna da hujja, domin kuwa motoci sun ƙara faɗi a 'yan shekarun nan, alhali guraben da ake ajiye su suna nan kusan yadda aka zana su tun da daɗewa.

Tabo ƙarami, asara babba

Ɓarnar da ake gudu dai ba ta da girma a ido. Sau da yawa wata 'yar lotsawa ce da ba ta wuce faɗin kwabo ba, wani lokaci tare da karce ko ɓurɓushin fentin motar da ta yi bugun.

Abin da ya sa jikin mota ke saurin lotsawa shi ne, ƙarfen da ake rufe ƙofofin motocin zamani da shi bai kai kaurin milimita ɗaya ba. Ƙarfin ƙofar yana cikin sandunan da ke ɓoye a cikinta domin kare fasinja idan aka yi karo, fatar wajen kuwa ba ta da wani tauri.

Gefen ƙofar da aka buɗe kuma siriri ne mai kaifi, saboda haka duk nauyin ƙofar yakan taru ne a wuri ɗan ƙanƙani a jikin motar da ke kusa.

Idan fentin bai fashe ba, akwai masu gyaran da ke iya fitar da lotsawar ba tare da sun fesa sabon fenti ba. Sukan zura siraran sandunan ƙarfe ta bayan fatar ƙofar, su riƙa tura wurin a hankali, suna duba shi da hasken wata fitila har ya daidaita.

Amma idan fentin ya tsage, ko kuma bugun ya faɗa a kan wani lanƙwasa na jikin motar, to sai an cike wurin, an goge, an fesa fenti, wani lokaci ma har da ƙofar da ke maƙwabtaka da ita domin launin ya zo ɗaya. Idan kuma aka ƙyale shi, ruwa na iya shiga ya haifar da tsatsa.

Gyaran ya fi wuya a motocin da aka ƙera jikinsu da alminiyam, kamar a-kori-kurar Ford F-150 tun daga samfurin 2015, saboda alminiyam ba ya komawa yadda yake cikin sauƙi kamar baƙin ƙarfe.

Inshora ma ba kasafai take raba gardama ba. A Amurka yawancin yarjeniyoyin inshora sun tanadi cewa mai mota ne zai fara biyan wani kaso daga aljihunsa, wanda sau da yawa yakan kai dala 500, kafin kamfanin ya biya ragowar.

Tun da kuɗin gyaran 'yar lotsawa guda yakan gaza wannan adadi, ƙarshenta mai motar ne ke ɗaukar asarar baki ɗaya.

Akwai kuma ɗimbin mutanen da ke hawa motocin haya na dogon zango, na shekara biyu ko uku. Ranar da za su mayar da motar, kamfanin yakan duba jikinta ciki da waje, ya caje su kuɗin duk wani tabon da ya wuce abin da aka amince da shi.

Batun ya shafi masu sayen mota a Najeriya da Nijar ma, inda da yawa daga cikin motocin da ake kira 'yan Kwatano daga Amurka da Turai ake shigo da su. A kasuwannin mota na Kano da Abuja, motar da ke ɗauke da fentinta na asali ta fi wadda ta bi ta hannun masu gyaran jiki daraja, kuma dillalai kan shafa gefenta suna neman inda aka taɓa.

Motoci sun yi ƙiba, gurabe na nan yadda suke

Tushen matsalar dai lissafi ne.

A Birtaniya, ma'aunin gurbin ajiye mota da aka saba da shi shi ne faɗin mita 2.4 da tsawon mita 4.8, kuma tun cikin shekarun 1970 ake amfani da shi.

A wancan lokaci, motar Volkswagen Golf ta farko, wadda ta fito a 1974, faɗinta santimita 161 ne. Samfurin da kamfanin ya fitar a 2019 kuwa ya kai santimita 179.

Ita ma Toyota Corolla, wadda aka fara ƙerawa a 1966 da faɗin da bai kai santimita 150 ba, yanzu ta kai kimanin santimita 178.

A farkon shekarar 2024, wata ƙungiya mai fafutukar kare muhalli a Turai, Transport & Environment, ta wallafa wani bincike da ya nuna cewa sababbin motoci a nahiyar suna ƙara faɗin santimita ɗaya a duk shekara biyu.

A cewar ƙungiyar, matsakaicin faɗin sabuwar mota ya tashi daga santimita 177.8 a 2018 zuwa 180.3 a rabin farko na 2023.

Dalilan sun haɗa da ƙa'idojin kariya daga haɗari, waɗanda suka sa ƙofofi suka ƙara kauri, da kuma yadda masu saye suka karkata ga manyan motoci ƙirar jif.

Idan aka ajiye motoci biyu masu faɗin santimita 180 a gurabe biyu masu mita 2.4, kowacce a tsakiyar gurbinta daidai, ratar da za ta rage tsakaninsu santimita 60 ce kacal. Idan kuwa motocin masu faɗin mita 2 ne, ratar za ta koma santimita 40.

Ƙofar gaba ta mota kuma tsawonta yakan kai mita ɗaya ko fiye. Ke nan ba za ta buɗe ko da rabi ba sai ta taɓa ta kusa da ita, kuma ta wannan 'yar kafa ce ake son mutum ya fito da jikinsa, ko uwa ta ciro jariri daga kujerarsa.

A Amurka guraben sun fi faɗi, domin sukan kai ƙafa 8 da rabi zuwa ƙafa 9, wato kusan mita 2.6 zuwa 2.7. Sai dai motocin can ma sun fi girma.

Fiye da kashi 70 cikin ɗari na sababbin motocin da ake sayarwa a ƙasar jif-jif ne da a-kori-kura da makamantansu. Faɗin Ford F-150 ya ɗara mita 2, ba a ma haɗa da madubanta ba.

Wani ƙarin abin damuwa ga masu ƙananan motoci shi ne, ƙofar doguwar mota takan sauka ne a saman jikin ƙaramar, inda babu wata robar kariya.

A 2023 ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Birtaniya ta ba da shawarar a ƙara faɗin gurbi zuwa mita 2.6. Amma masu filayen ba su cika son hakan ba, saboda layin da ke ɗaukar motoci 20 a tsohon ma'auni, 18 kawai zai ɗauka a sabon.

Wa zai biya?

A ƙa'ida, wanda ya buɗe ƙofar shi ke da alhakin biyan ɓarnar, kuma a ƙasashe da dama doka ba ta yarda ya sulale ba.

A ƙasar Jamus, barin wurin da aka yi haɗari ba tare da bayyana kai ba laifi ne da ke iya jawo tara ko ɗaurin da ya kai shekara uku. Maƙala takarda a waifar motar da aka buga bai wadatar ba, sai mutum ya jira mai motar na wani lokaci, idan bai zo ba ya sanar da 'yan sanda.

A Birtaniya, dokar zirga-zirgar ababen hawa ta 1988 ta wajabta wa direban da ya lalata motar wani a kan titi ko wurin da jama'a ke shiga ya tsaya ya ba da sunansa da adireshinsa. Idan bai samu wanda zai ba ba, sai ya kai rahoto ga 'yan sanda cikin sa'o'i 24.

A jihar Kaliforniya ta Amurka kuwa, doka ta amince a bar rubutacciyar takarda mai ɗauke da suna da adireshi a jikin motar, sannan a sanar da 'yan sanda.

Sai dai kuma a zahiri, abin yakan faru ne cikin daƙiƙa guda, babu shaida, kuma mai motar yana can cikin kanti. Wani lokaci sai bayan kwanaki, ranar da ake wanke motar, yake ganin tabon.

Su ma masu filayen sukan kafa allunan da ke cewa ba su da alhakin duk abin da ya sami motar da aka ajiye a wurin.

Ganin cewa babu wanda za su kama, shi ya sa direbobi da dama suka koma ga rigakafi.

Ko dabarar tana aiki?

Babu gardama cewa motar da babu kowa a gefenta, babu ƙofar da za ta buge ta.

Bayan haka, guraben da ke kusa da ƙofar kanti su ne aka fi sauya motoci a cikinsu. Cikin sa'a guda motoci da yawa na iya shiga da fita a gefen mota ɗaya, kuma kowacce da nata masu buɗe ƙofa.

Masu wannan ɗabi'a suna da wasu ƙa'idoji da suke bi. Sukan nemi gurbin ƙarshen layi, inda gefe ɗaya ne kawai ke da maƙwabci, su kuma matsa jikin dakali domin faɗaɗa ratar da ke ɗaya gefen.

Sukan guji tsayawa kusa da mota mai ƙofa biyu, saboda ƙofofinta sun fi tsawo, da motar da aka ajiye a karkace, da kuma wadda jikinta ya riga ya cika da tabo.

Sukan fi sakin jiki da motoci irin su Toyota Sienna, waɗanda ƙofofinsu na baya janyewa suke yi ta gefe, domin yara ba za su iya bankaɗa su ba.

To amma nisa ba ya kawar da haɗarin gaba ɗaya.

Na farko, akwai kekunan zuba kaya da masu sayayya ke turawa. Wasu kan bar su a tsakiyar fili, kuma idan iska ta taso ko filin yana da gangara, keken na iya gangarowa da gudu ya daki motar da ke tsaye ita kaɗai, babu abin da ya tare ta.

Na biyu kuma shi ne abin da ya fi ƙona wa irin waɗannan direbobi rai, wato mutum ya dawo ya tarar wani ya bar ɗimbin gurabe ya zo ya manne a gefensa.

Wasu na danganta hakan da cewa direbobi da yawa sun fi iya daidaita motarsu da jikin wata mota a kan zanen da ke ƙasa, wanda ba sa gani da zarar sun shiga gurbin. Wasu kuma na ganin mai tsabtatacciyar mota yakan nemi irinsa ne, bisa tunanin cewa zai yi hattara.

Akwai kuma waɗanda ke haye gurabe biyu lokaci guda domin hana kowa matsowa. Wannan yakan harzuƙa jama'a, kuma a filayen da ake biyan kuɗi yana iya jawo tara, ko ma wani ya karce motar da mabuɗi saboda haushi.

Wani bincike da masana halayyar ɗan Adam Barry Ruback da Daniel Juieng suka wallafa a 1997 ya nuna yadda mutane ke ɗaukar gurbin mota tamkar gonar gado.

Sun lura da direbobi a wata cibiyar kasuwanci da ke yankin Atlanta, inda suka gano cewa direba kan ɗauki kimanin daƙiƙa 32 kafin ya fita idan babu mai jiransa, amma ya ɗauki 39 idan akwai mai jira. Idan kuma aka danna masa oda, sai ya kai kusan 43.

Lokaci da tsaro

Tambayar da ta rage ita ce, me mutum ke sadaukarwa idan ya ajiye motarsa nesa?

A 2019 wasu masana kimiyyar lissafi biyu a Amurka, Paul Krapivsky da Sidney Redner, sun gwada dabaru uku na neman wurin ajiye mota.

Akwai direban da ke tsayawa a gurbin farko da ya gani can baya, akwai mai zarcewa har bakin ƙofa sannan ya dawo yana nema, akwai kuma na tsaka-tsaki, wanda ke shiga cikin jerin motocin ya ɗauki sararin farko da ya tarar.

Sakamakon ya nuna cewa na tsaka-tsakin ne ya fi cin ribar lokaci, shi kuwa mai tsayawa can baya shi ya fi kowa asararsa. Amma lokaci kawai masanan suka auna, ba su saka kuɗin gyaran ƙofa a cikin lissafin ba.

Batun tsaro ya fi na lokaci nauyi. Ƙarshen fili yakan kasance babu haske sosai, babu masu wucewa, kuma kyamarorin tsaro ba lallai su kai wurin ba.

Shi ya sa shawarar da 'yan sanda suka saba bayarwa ita ce a ajiye mota a wuri mai haske da jama'a, musamman da dare, saboda ɓarayi masu fasa gilashi da masu ƙwace.

Tafiyar ƙafa a cikin filin ita ma tana da nata haɗarin. Wata ƙungiyar kiyaye haɗurra mai zaman kanta a Amurka, National Safety Council, ta taɓa ƙiyasta cewa ana samun haɗurra fiye da 50,000 a kowace shekara a filaye da benayen ajiye motoci na ƙasar, inda mutane kimanin 500 ke rasa rayukansu.

Ga tsofaffi da marasa lafiya da masu ɗauke da ƙananan yara, ko a lokacin tsananin zafi ko ƙanƙara, guje wa tabon ƙofa na iya zama garin neman gira a rasa ido.

Ƙoƙarin masu ƙera motoci

Kamfanonin mota sun sha gwada magance matsalar tun daga masana'anta.

A 1990 kamfanin General Motors ya fara sayar da motocin Saturn, waɗanda aka rufe ƙofofinsu da wata irin roba mai tauri da ke lotsawa ta dawo da kanta. Amma da yake robar tana buɗewa da zafi ta tsuke da sanyi, sai da aka bar rata mai faɗi tsakanin sassan jikin motar, abin da bai burge wasu masu saye ba. An rufe Saturn a 2010.

A 2014 kamfanin Citroën na Faransa ya fito da motar C4 Cactus, mai ɗauke da faifan roba masu iska a ciki a gefunanta. Bayan shekara huɗu kamfanin ya rage girmansu, ya mayar da su can ƙasan ƙofa.

Shi kuwa kamfanin Ford ta ɗaya ɓangaren ya ɓullo wa lamarin. A 2012 ya saka wa motar Focus wata 'yar roba da ke fitowa da kanta ta rufe kaifin ƙofar da zarar an buɗe, kuma daga baya kamfanin Skoda ya yi irin haka a motarsa Kodiaq.

Bambancin shi ne, wannan robar tana kare motar maƙwabci tare da gefen ƙofar mai ita, saboda haka mai sayenta yana kashe kuɗi ne har da domin amfanin wani.

Hanya mafi araha dai tana hannun mai buɗe ƙofar. A watan Janairun 2022 Birtaniya ta shigar da wata shawara cikin ƙa'idojinta na tuƙi, cewa mutum ya riƙa buɗe ƙofa da hannun da ya fi nisa da ita, salon da ake dangantawa da ƙasar Holland.

Manufar ita ce kare masu kekuna da babura, domin yin hakan yana tilasta wa mutum ya juya ya dubi baya. Amma yana kuma hana a bankaɗa ƙofar da ƙarfi, ko iska ta fizge ta.

Filin da babu kowa

Ajiye mota nesa da jama'a yana yiwuwa ne kawai a inda ake da rarar fili, kuma shi ya sa ɗabi'ar ta fi yawa a Amurka a kan tsofaffin biranen Turai.

Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, biranen Amurka suka riƙa tilasta wa duk mai gina kanti ko ofis ya tanadi wani adadi na guraben mota. Akan auna filayen manyan kantuna ne da cunkoson sayayyar ƙarshen shekara, don haka a sauran ranaku wani ɓangare nasu yakan zauna wayam.

Farfesa Donald Shoup na Jami'ar Kaliforniya da ke Los Angeles, wanda ya rasu a 2025, ya shafe shekaru yana sukar wannan tsari. A wani littafi da ya wallafa a 2005 ya nuna cewa mota kan shafe kusan kashi 95 cikin ɗari na rayuwarta a tsaye, kuma kuɗin filayen da ake cewa kyauta ne yana komawa cikin farashin kaya da na hayar gidaje.

Ra'ayin nasa ya samu karɓuwa. A 2017 birnin Buffalo da ke jihar New York ya soke wannan sharaɗi a duk faɗinsa, a 2022 kuma jihar Kaliforniya ta kafa dokar soke shi a kusa da manyan tashoshin jiragen ƙasa da na bas.

A Turai kuwa girman motocin aka sa wa ido. A watan Fabrairun 2024 mazauna birnin Paris suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da ninka kuɗin fakin sau uku ga motoci masu nauyi na baƙi, inda ya kai yuro 18 a kowace sa'a a tsakiyar birnin, ko da yake waɗanda suka fito zaɓen ba su kai kashi 6 cikin ɗari ba.

Idan birane suka ci gaba da rage filayen, motoci kuma suka ci gaba da ƙara faɗi, to wannan lungu na ƙarshen fili da wasu direbobi ke fakewa a cikinsa zai riƙa wuyar samu, kuma lafiyar jikin mota za ta ƙara dogara ga yadda na kusa da ita ya buɗe ƙofarsa.